A Ƙofar Taramniya Ban Kira Shi Ba

Ranar Laraba ce, tsakiyar bazara. Zafi ya tashe ni kafin ladan. Ruwan randa ya kwana da ɗuminsa, da shi na yi alwala. Na yi salla, na share tsakar gida. Hanne, matar ɗana, ta hura wuta ta aza ruwan kunu, ɗiyarta goye a baya tana tsotsar yatsa. Zakaran maƙwabta ya yi cara sau biyu. Babu abin da ya raba safiyar nan da sauran. Na faɗi haka saboda masu cewa masifa tana aiko da alama. Mu dai ba ta aiko mana da komai ba.

Sunana Kulu. A Sakkwato anka haife ni. Unguwarmu tana cikin ganuwa, dab da Ƙofar Taramniya. Gidan majema na yi aure, masu jeme fata. Mijina ya rasu shekara uku kafin wannan rana, ya bar wa ɗanmu sana'ar. Mu huɗu ke kwana a gidan: ni, da ɗana, da Hanne, da jaririyar.

Dangin mijina ba asalin birni ba ne. Daga wani gari na gabas kakanninsu sunka taso, su da yawancin gidajen unguwar, tun ba a haife ni ba. Zanen garin yana fuskarsu, tsaga uku a kowane kunci. Ɗana yana da shi. Hanne tana da shi. Ni ba ni da shi. A shekarar nan garin ya yi tawaye, anka fara shirin yaƙi da shi. Sai magana ta shiga kasuwa, wai majeman unguwarmu suna yi wa 'yan'uwansu garkuwa suna aikawa a ɓoye. Ƙarya ce. Fatar akuya muke jima, mu rina ta ja. Duk wanda ya taɓa riƙe garkuwa ya san ba a yin ta da fatar akuya. Amma akwai wani mai sarauta, ba zan sa sunansa a takardata ba, da ke son a ga ƙoƙarinsa. Yana kuma da barori da yawa da ba su da aikin yi.

Akwai abin da dole in faɗa kafin in wuce, don ku da kunka tashi nan bakin Kwara kun sassauta shi. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Kunya ce. Ba ta ɗaukarsa gaban mutane, ba ta yi mishi wasa, ba ta yabonsa. Nawa kakarsa ta yaye shi ta riƙe. Ita yake ce wa Inna, ni yana ce mini Adda, kamar yayarsa. Wasu mata kan laƙa wa yaro wani suna na gefe su riƙa kira. Ni ban yi ba. Sunan uban mijina anka sa mishi, kunyar ta zama biyu. In ina son shi sai in ce "kai", ko in buga ludayi a jikin ƙwarya, ya juyo. Shekara ashirin da huɗu muna haka. Matan unguwa da ni suke misali in suna yi wa amare faɗa. Ina jin daɗin haka. In faɗi gaskiya, taƙama nake yi da shi.

Rana na fitowa ya ɗaure jajayen fatu zai kai zango, bayan ganuwa, inda ayarin fatake ya sauka. Mai sayen wani tsoho ne daga Lakwaja, Baba Yohanna. Bahaushe ne, an kama shi yana yaro anka kai shi bakin teku, ya dawo da furfura da addinin Kirista. Shekara uku yana zuwa sayen fata a gidanmu, shi da matarsa Saratu da 'yan dakonsu biyar, Nufawa da Yarbawa, duk addininsu ɗaya. Ba sa salla tare da mu. Ba sa kuma tsokanar kowa. Unguwa ta saba da su.

Ɗana ya sha kunu a tsaye. Ya ce, "Adda, na tahi zango. In tsohon ga ya riƙe ni da surutu, ku ci abinku." Ban ɗaga kai ba. Na ce wa Hanne, "Ce mishi ya dawo da igiyar, ba kyauta ba ce." Ya yi dariya, ya fita.

Hantsi ya yi. Ina dakan bagaruwa, wadda ake jiƙa fata cikin ruwanta. Hanne tana wanke ƙore. Abin da na fara ji ba ihu ba ne. Taɓaren unguwa ne sunka tsaya. A wannan lokaci kullum ana daka a gida biyar ko shida, kana jin su suna amsa wa juna. Sai na ji tawa kaɗai ke sauka. Ni ma na tsaya.

Sai kuge, ƙarfen nan da ake bugawa kafin shela. Sau uku. Ba a yi shelar ba. Sai bindiga, sau ɗaya, daga wajen masallacin unguwa. Tattabaru sunka tashi gaba ɗaya. Daga nan muryoyi sunka ɓarke.

"Ku hito! Ku hito, munahukai!"

"Ina garkuwoyin?"

"Duba kuncinshi!"

Na leƙa ta zaure. Ba baƙi ba ne. Na gane biyu, ɗaya ma ya sha fura a gidanmu ranar sunan jikata. Suna riƙe da masu da kulake, kaɗan da takubba. Sun kama Jabbo, tsohon majemin da gidansa ke kallon namu. Suna juya fuskarsa wajen rana kamar masu tayin tunkiya. Ya ɗaga hannuwansa, jajaye da rini, yana cewa su shiga su duba, fatar akuya ce. Ban tsaya na ga ƙarshen ba. Na dai ji shi.

Na koma ciki. Hayaƙi ya riga ya haura katanga. Jinkar maƙwabta tana ci, tana ƙara kamar ana karya kara. Na ja mayafin Hanne na rufe mata kunci, na ce ta cije bakinsa da haƙori. Ba mu ɗauki komai ba. Munka fasa darnin baya, munka faɗa lungun masaƙa. Tunanina ɗaya ne: shi yana zango, yana waje, ya tsira. Saura in fitar da waɗannan biyun in kai mishi.

Ƙofar ba ta da faɗi. Raƙumi ɗaya da kaya yana cika ta. Ranar nan unguwa guda ke son fita a lokaci ɗaya. Mata, yara, awaki, wani makaho da ake ja da sanda, wani jaki da ya ƙi gaba ya ƙi baya. Cikin soron ƙofar duhu ne da ƙara, kowa yana kiran nasa. Na sa Hanne a gabana ina tura ta da ƙirji, hannuna ɗaya a kan jaririyar.

A nan na gan shi.

Kowa yana fita, shi kaɗai yake shiga. Ya manne da bangon hagu yana kutsawa da kafaɗa. Hularsa ta faɗi. Tsakanina da shi bai fi tsawon taɓarya uku ba. Idonsa yana gaba, wajen hayaƙin, wajen gidanmu. Bai dubi gefe ba.

Na ce, "Kai!"

Maza sun fi goma da sunka waiwayo. Shi bai waiwayo ba.

"Kai! Kai, yaro!"

Hanne ta gan shi. Ta saki mayafin ta ce, "Maigida! Maigida!" Ita ma mace ba ta kiran sunan mijinta. A cikin soron nan kowane namiji maigidan wata ne, kuma matan duk haka suke kira.

Na san abin da ya kamata in yi. Sunan yana bakina. Na ji shi a kan harshena da nauyinsa. Na buɗe baki. Na dubi Hanne, ta dube ni. Ina jira ta faɗa, tana jira in faɗa. Wallahi abin bai fi numfashi uku ba. Kada wani ya ce mini tsoro ne, ban ji tsoro a lokacin ba. Kada kuma a ce mantuwa ce. Harshe ne da anka hore shi shekara ashirin da huɗu, ya yi abin da anka koya mishi. Ni na hore shi.

Taro ya turo mu waje. Shi ya shige. Na ga ƙeyarsa, sannan ban ga komai ba sai hasken rana.

Na juya zan koma. Mutum huɗu da masu sun riga sun tsaya bakin ƙofar.

"Baya! Ba mai komawa!"

Na kama sandar mashin ɗaya. Ya fizge ya buga mini gindinsa a kafaɗa, na zauna ƙasa. Daga ƙasan na ga abin da suke yi. Suna tsai da masu fita suna duba kunci. Hanne tana tsaye fuska a buɗe, tana kuka. Na tashi na rufe ta, na ja ta.

Walaha munka isa zango. Baba Yohanna yana tsaye, jajayen fatun a warwatse a gabansa. Ya ce da anka ji bindiga ɗana ya zubar da su ya ruga. Tsohon ya riƙe mishi riga, shi kuwa ya fizge. Na ce to zai dawo nan, nan ya bar kayansa. Na zauna kan wani dutse ina kallon ƙofa. Mutanen unguwa suna ta isowa, ɗaya ɗaya, biyu biyu. Wani bayansa ya ƙone. Wata ta zo da tabarma naɗe a hammata, ba ɗa ba miji, ba ta magana. Duk wanda ya iso sai in tare shi. Ba wanda ya gan shi.

Rana ta take tsaka. Hayaƙin ya koma baƙi. Madugun ayarin, wani Bakano mai gajeren haƙuri, ya hau kan mangala ya ɗaga murya.

"A ɗaure kaya! Yanzu! Wanda ya tsaya, ya tsaya wa kansa!"

Na ce ba inda za ni. Saratu ba ta yi gardama da ni ba. Ta kama haɓar Hanne ta juyo mini da kuncinta, ta nuna ƙofa da baki. Masu masun sun fara fitowa waje. Ni ba mai taɓa ni, ba ni da zane. Hanne tana da shi, kuma ita ke da nono.

Na tafi wurin wata mai sayar da fura a zangon. Na ce in ɗana ya zo ta ce mishi mun bi hanyar Jega. Ta ce, "Wane ɗa? Mi sunanshi?" Na ce, "Dogo ne, na gidan majema." Ku ji fa. Bayan abin da ya faru a ƙofa, abin da bakina ya iya ke nan. Baba Yohanna ne ya faɗa mata sunan daga bayana.

Ana kiran azahar a birni munka tashi. Saratu ta ɗaura mana zannuwan Nufawa, ta naɗa mana gammo ta aza mana kaya, munka zama 'yan dako. Mutanen unguwarmu da sunka bi ayarin sun kai talatin. Ƙasa tana ƙona tafin ƙafa. Ba mai magana. Sai ƙararrawar jakin gaba da numfashin mutane. Ina tafiya ina waiwaye, kaya a kai, har wuyana ya riƙe. Almuru munka isa Bodinga. Ba a buɗe mana ƙofa ba. A bayan gari munka kwana.

Alhamis da walaha anka cim mana. Mutum shida ne.

"Ku tsaya! Ku sauke kaya! Ku buɗe huska!"

Mazan da ke da zane sun riga sun watsu cikin sabara tun da anka hango ƙura. Hanne ba ta iya gudu da goyo. Saratu ta kwaɓa toka da ruwan gora, ta ɗiga mata a fuska da wuya da hannuwa, ta kwantar da ita gindin wata ƙaya, ta zauna tana kora mata ƙuda. Da ɗayansu ya matso, ta ɗaga kai ta ce, "Agana ce, ɗana. Zo ka duba." Ya ja baya har yana tuntuɓe. Sunka kwance jaki biyu sunka tafi da su. Bayan sun ɓace Baba Yohanna ya ce wa matarsa ta yi ƙarya, sai ta nemi gafara. Ta ce, "Kai ka nema mini, hannuna da aiki."

Juma'a munka wuce Shagari. Ban ci komai ba sai ruwa. In an tsaya hutu ba na zama. Sai in koma baya kan hanya har inda zan daina jin ayarin, in tsaya, in dawo a guje. Duk dogon mutum da ya ɓullo daga arewa shi ne, har ya matso ya zama wani. Mai ƙunar nan ya fara wari. Saratu tana wanke mishi baya da ruwan gishiri safe da yamma, yana cizon tsumma. Nonon Hanne ya ragu. Jaririyar ta daina kuka da ƙarfi, sai wani ɗan sauti kamar na mage.

Asabar da la'asar munka sauka wani zango kafin Tambuwal. Rijiya ɗaya, tsamiya ɗaya babba.

Lahadi da asuba madugu ya ce a ɗaure kaya. Baba Yohanna ya ce shi da mutanensa ba sa tafiya ranar Lahadi, kuma tun daga Lakwaja da wannan sharaɗi sunka shigo ayarin.

"Tsoho, kana da hankali? Bin mu ake yi!"

"Na sani. Gobe da asuba ni zan riga ka tashi."

Madugu ya yi zagi har ya gaji. Amma bayan jakuna ya goge, masu rauni ba sa iya miƙewa, shi ma ya sani. Anka sauke kaya. Ni kaɗai na ji daɗin taurin kan tsohon. Yini guda a wuri ɗaya, mai biyo mu zai iya iske mu. Tun kafin rana ta fito na tsaya bakin hanya.

Da hantsi sunka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiyar, su bakwai. Baba Yohanna ya zagaya ya ce za su yi addu'a saboda abin da ya same mu, wanda ke so ya matso. Wasu sunka ce Allah ya kiyaye, sunka koma bakin rijiya. Wasu sunka zauna, don inuwar ita ke nan guda. Anka kawo mai ƙunar anka kwantar da shi rub da ciki. Hanne ta zauna kusa da Saratu. Ni na tsaya a gefen inuwar, don daga nan ana ganin hanya.

Ban taɓa ganin ibadarsu ba sai ranar. Ba alwala, ba sahu, ba alƙibla. Maza da mata wuri ɗaya. Sunka fara da waƙa cikin harshen Yarbawa, a hankali, ba ganga ba tafi. Na ce a raina, mutane sun mutu, su waƙa suke yi. Tsohon ya buɗe littafinsa ya karanta kaɗan. Sannan sunka durƙusa sunka rufe ido. Ya ce yau da Hausa zai yi roƙon, don masu abin su ji abin da ake faɗa a kansu.

Ya roƙa wa Sakkwato lafiya. Ya ce Allah ya kashe wutar da ke cikin gidaje da wadda ke cikin mutane. Ya roƙa wa garin gabas da ake shirin yaƙa, ya ce can ma akwai mata masu goyo. In ya kai ƙarshen magana sai shidan su ce amin tare. Ya roƙa wa mai ƙunar sauƙi, Saratu ta aza hannu a kansa. Ya roƙa wa mai tabarmar nan Allah ya mayar mata da magana. Ya roƙa wa Hanne ruwan nono. Ban taɓa jin namiji ya roƙi wannan a bainar jama'a ba. Na ji wasu matanmu sun fara cewa amin ƙasa ƙasa.

Sai ya ce Allah ya gafarta wa waɗanda sunka sa wutar.

Ban san lokacin da na shigo tsakiyarsu ba.

"Har su?"

Bai buɗe ido ba. "Har su, uwar ɗakina."

"Wanda ya sha hurata ya ƙone mini gida? To cire ni cikin wagga."

"Na cire ki. Allah ya ji."

Wani ya yi dariya ya haɗiye. Shidan sunka ce amin. Ni ban ce ba. Har yau da nake rubutun nan ban ce ba.

Daga nan ya ce su a wurinsu, wanda ba ya nan, ba a san halin da yake ciki ba, ana kiran sunansa gaban Allah, jama'a su amsa. Ya ce kowa ya kira nasa. Ana jin guga yana bugun bakin rijiya. Sai wani dattijo cikinmu ya kira sunan ƙanensa. Bakwai sunka ce amin. Wata ta kira na ɗiyarta. Wata ta kira uku a jere. Amin ɗin yana ƙaruwa. Na bakin rijiya sunka fara matsowa. Na hangi madugu can gefe yana ɗinkin mangala, ya ajiye basilla ya buɗe tafin hannu. Mai tabarmar ta motsa leɓe, ba a ji komai ba, anka ce mata amin duk da haka.

Abin ya zagayo kan Hanne. Ta sunkuyar da kai. Ta ɗago ta dube ni, irin duban da ta yi mini a ƙofa.

Na ce wa tsohon, "Ka san shi. Kai ka hwaɗi."

Ya ce, "Na san shi shekara uku."

Ya bar idonsa a rufe. Duk sunka jira. Ba wanda ya dube ni, kuma wannan ya fi mini zafi da a ce sun zuba mini ido. Na ji haushin tsohon, na ji haushin Hanne, na ji haushin matan nan da sunka yi shekaru suna yabona. Na juya musu baya na fuskanci hanya, wajen arewa.

"Haliru!"

Ba kamar mai addu'a na faɗe shi ba. Da dukan ƙarfina ya fita, kamar yadda ya kamata ya fita ranar Laraba. Tsuntsaye sunka tashi daga tsamiyar. Wani mai jaki can nesa ya tsaya ya waiwayo. A bayana na ji amin, ba na mutum bakwai ba, na zangon duka. Hanne ta kife kan cinyar Saratu. Ni ban yi kuka ba. Hanya nake kallo. Ba zan ɓoye muku ba, na ɗauka zai ɓullo.

Azahar ta yi, munka yi sallarmu, su suna zaune. Anka dama gari anka sha. Na koma bakin hanya.

La'asar sakaliya na hango mutum biyar. Babu dogo a cikinsu. Ta gaba Ige ce, matar Jabbo, ƙafafunta naɗe da tsumma. Da ta gan ni ta tsaya. Ba ta yi sallama ba. Ta zauna nan tsakiyar hanya, ni ma na zauna.

Ta ce cikin rumbu ta ɓuya, tana gani ta wata tsaga. Ta ga ya shigo lungu a guje. Ya shiga gidanmu yana kiran Adda. Ya fito ya shiga nasu, ya tsallake gawar Jabbo a zaure, yana kiran Adda. Ya koma namu. Ɗakina yana ci da wuta, ya shiga, ya fito hannun rigarsa yana hayaƙi. A bakin zaure sunka same shi. Ba su tambaye shi komai ba, kuncinsa kawai sunka duba. Ta ce ba a daɗe ba. Na tambaye ta wane lokaci. Ta ce walaha ba ta yi ba. Wato ina kan hanyar zango, ina jan Hanne.

Ta ce ranar Alhamis da safe mutanen unguwar masaƙa sunka fito sunka wanke gawarwakin, anka yi musu salla, anka kai su bayan ganuwa. Su tara a jere. Ba ta san na nawa ne shi ba.

Litinin da asuba Baba Yohanna ya riga madugu tashi, kamar yadda ya ce. Munka bi ta Jega, munka kai Yawuri, munka shiga jirgin ruwa. Mai ƙunar ya rasu kafin Jega. Mai tabarmar ta yi magana a cikin jirgi, ruwa ta roƙa. Nonon Hanne ya dawo. A Lakwaja Saratu ta ba mu ɗaki a gidanta, ita ce kuma ta zaunar da ni ta koya mini baƙaƙe ina da furfura. Ina sallata biyar, ba wanda ya taɓa ce mini in bari. Fatake sun gaya mana daga baya cewa an tone unguwar gida gida, ba a samu garkuwa ko ɗaya ba. Ban koma Sakkwato ba.

Biyar na haifa. Huɗu sun tafi suna ƙanana, kowanne ina riƙe da shi ina kiran sunansa har ya cika. Na farin ya kai shekara ashirin da huɗu. Sau ɗaya na kira shi, ranar Lahadi da hantsi, a gindin tsamiya kafin Tambuwal. Ya kwana huɗu da rasuwa.